Yadda ake kafa suwic da rauta a manyan ma'aikatu

Na'urori biyu ne ke riƙe da sadarwar kwamfutoci a banki ko jami'a ko asibiti: suwic da rauta. Suwic yana haɗa kwamfutocin da ke gini ɗaya, yana gane kowace da adireshin MAC da aka ƙero ta da shi, ya miƙa saƙo ga mai shi. Rauta kuwa a bakin ƙofa take. Tana duba adireshin IP ta zaɓi hanyar da saƙo zai bi zuwa wani reshe ko intanet. Tsarin Ethernet da suwic ke aiki da shi an ƙirƙiro shi ne a 1973 a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto, Amurka, a hannun Robert Metcalfe da abokan aikinsa.

Aikin yana farawa tun kafin a buɗe kwali. Ana ɗaure na'urorin a kabad ɗin ƙarfe mai ma'aunin inci 19, kuma inda za a ajiye shi ya dogara da tsawon waya, domin wayar tagulla ba ta wuce mita 100. Abin da ya fi haka, ko tsakanin gini da gini, sai faiba. Suwic na zamani yana iya ba kyamara ko tarhon ofis wuta ta cikin wayar sadarwar kanta, har wat 30 a ƙa'idar 2009, don haka dole a lissafa jimillar abin da zai ɗauka. Batirin ajiya da wayar da ke kai wuta ƙasa ba abin sakaci ba ne. A gari irin Sakkwato, zafin bazara da ƙurar hunturu mai toshe fanka kan kashe na'ura mai tsada, shi ya sa ɗakin ke buƙatar sanyi da rufi mai kyau. Kowace waya a rubuta mata lamba a kai da gindi. Wanda ya tsallake wannan ya bar wa magajinsa wahala.

Daga nan sai saiti. Injiniya yana jona kwamfutarsa kai tsaye, ya ba na'urar suna, ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita, a hanyoyin shiga na'urar daga nesa ya rufe Telnet ya buɗe SSH, saboda Telnet a fili yake aika kalmar sirri. Sannan a raba suwic ɗaya zuwa zauruka da ake kira VLAN: sashen kuɗi daban, kyamarori daban, baƙi daban. Ba mai tsallakawa daga wannan zaure zuwa wancan sai ta hannun rauta, inda ake gindaya sharuɗɗa.

Babban haɗari yana cikin abin da ake yi don kariya. Ana ja wa suwic waya biyu don in ɗaya ta tsinke ɗaya ta riƙe, amma hanya biyu na iya zama da'ira. Saƙon Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa, sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa har sadarwar ginin ta tsaya cik cikin daƙiƙoƙi. Radia Perlman ce ta samo maganin wannan a 1985 tana aiki a kamfanin DEC: na'urorin su zaɓi shugaba ɗaya, su toshe hanyar da ta yi rara, kada su buɗe ta sai ranar buƙata. Ya kamata injiniya ya naɗa shugaban da kansa, in ba haka ba zaɓin kan faɗa kan tsohon suwic marar ƙarfi.

A ɓangaren rauta, ana amfani da ƙa'idar zaɓen hanya mai suna OSPF a cikin gida, wata kuma mai suna BGP wajen hulɗa da kamfanonin intanet. Kuskure a nan yana da tsada: ranar 4 ga Oktoba, 2021, wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya jawo janyewar hanyoyin BGP na Facebook, shi da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida.

A na'urorin Cisco, saitin da aka shigar yana ɓacewa da zarar wuta ta ɗauke, muddin ba a adana shi ba. Bayan adanawa ana ajiye kwafi a wani wuri, sannan a zare waya ɗaya da gangan a ga ko ta biyun za ta karɓa, kafin a miƙa aikin.