Gilashi Mai Faɗin Gani: Wanne Ya Dace Da Kyamararka?

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan wahala. An kai amarya ɗakinta, ƙawaye sun cika shi maƙil, ga gado, ga kabad da jeren kwanuka, uwar amarya kuma tana so kome ya fito a hoto guda. Ka ja da baya har bayanka ya taɓa bango, amma rabin mutane ba su shiga ba. Gilashin nan na 18-55 da ake sayar da kyamara da shi ya kai iyakarsa. Haka ta faru da ni a wani biki a Maradi, kuma har yau dangin ango suna ganin da gangan na yanke su. Maganin abin shi ne gilashi mai faɗin gani wanda ake zuƙowa da shi. To, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma wanda ya saya ba bisa sani ba yana iya komawa gida da abin da ba zai hau kyamararsa ba ma.

Kafin ka je kanti, ka san girman sensar kyamararka, wato farantin nan da ke karɓar haske a madadin fim. Manyan kyamarori suna da sensa mai milimita 36 da 24, daidai da fim ɗin da muka saba da shi. Yawancin waɗanda ke hannun ƴan hoto namu kuwa ƙarama gare su, wadda ake kira APS-C. A kan irin wannan, sai ka ninka lambar gilashi da 1.6 in Canon ce, ko 1.5 in Nikon ce, kafin ka san ainihin faɗin da zai ba ka. Ke nan a kan Canon milimita 18 ya zama wajen 29. Shi ya sa gilashin Canon 17-40, wanda ya yi suna tun 2003 a kan manyan kyamarori, in ka ɗora shi kan ƙarama kusan ba abin da ya ƙara maka a kan na 18-55. Ka yi asarar kuɗi ke nan. Mai ƙaramar sensa gilashin da ya fara daga milimita 10 ko 11 yake bukata.

Masu Canon suna da EF-S 10-18 da ya fito a 2014. Nauyinsa giram 240 ne kawai, yana da na'urar hana rawar hannu, kuma a milimita 10 yana ganin kusan digiri 107 daga kusurwa zuwa kusurwa, alhali 18 bai wuce 74 ba. Yayansa 10-22 na 2004 ya fi shi ƙwarin jiki, amma ba shi da wannan na'ura. Dukansu biyu ba sa hawa babbar kyamarar Canon irin su 5D da 6D. Nikon ta fito da nata AF-P 10-20 a 2017, mara nauyi shi ma, sai dai akwai tarko a cikinsa. Tsofaffin kyamarori kamar D90, D3100, D3200 da D5100 ba sa iya saita shi, kuma irin waɗannan ne suka cika hannun masu fara sana'a.

Inda gardama take tsakanin ƴan hoto shi ne kan haske. Waɗancan masu arha ƙofar haskensu f/4.5 zuwa 5.6 ce. Tokina 11-16, wanda ya fito a 2008, da magajinsa 11-20, suna buɗewa har f/2.8 daga farko zuwa ƙarshe. Ƙofar 2.8 tana shigar da haske ninki huɗu na 5.6. Wani zai ce ai na'urar hana rawar hannu ta biya wannan. Ba ta biya ba. Rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da mutumin da ke motsi. In gini ko ɗaki babu kowa kake ɗauka, tana da amfani ƙwarai. In kuwa ƴan mata ne ke rawa da dare a gaban makaɗa, da ƙwan lantarki biyu da janareta, ƙofa mai faɗi ce za ta cece ka. A ganina, mai aikin rana ko mai amfani da filasha ya ɗauki mai arha ya huta, mai aikin dare da bidiyon biki ya daure ya sayi Tokina, ko da ya ninka wancan nauyi. Amma mai Nikon ya lura: Tokina 11-16 na farko ba shi da mota a cikinsa, don haka ba zai saita kansa a kan D3000 da D5000 da ƙannensu ba. Na biyun, mai alamar II, shi ke da ita.

Akwai kuma halin da duk gilashi mai faɗi yake da shi, mai tsada da mai arha. Abin da ke gefen hoto yakan miƙe. Ka sa gwaggon amarya a can ƙarshen layi a milimita 10, za ta fito da faɗin mutum biyu, kuma ba za ta biya kuɗin wannan hoton ba. Manyan baƙi a tsakiya ake sa su, a bar fili kaɗan a gefe, in ɗaki ya ba da dama kuma a zuƙo zuwa 14 ko 16. Gini ma haka. Ka tsaya gindin hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, ka ɗaga kyamara sama, sai ka ga kamar za ta faɗi baya. Riƙe kyamara a miƙe, ka ja da baya in akwai wuri.

Masu babbar sensa zaɓinsu 16-35 ne ko 14-24. Nikon 14-24 na 2007 hotonsa ba a magana, amma ya kusa kilo guda, kuma gilashin gabansa ya kumburo waje, ba a ɗaura masa filta ta yau da kullum. A ƙasar da hunturu ke tulo ƙura wata uku, wannan abin dubawa ne. Gilashin da ke karɓar filta, kamar milimita 67 na Canon 10-18 ko 77 na Tokina 11-16, filtar ce za ta sha gogewa da ƙarcewa, in ta lalace a sake wata da kuɗi kaɗan.

Tun 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarori marasa madubi masu baki dabam, RF da Z. Tsofaffin gilasai suna hawansu da zoben haɗi, saboda haka abin da ka saya yau ba zai zama na zubarwa ba. Sai dai zoben Nikon ba ya juya gilashin da ba shi da mota.

Galibinmu na hannu muke saye. Ka tafi da kyamararka, kada ka yarda da ta mai kanti. Haska tocilan ta bayan gilashin ka duba: ƴar ƙura ba kome ba ce, amma in ka ga zane kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, wadda danshin garuruwan bakin teku irin su Kwatano da Lome ke kawowa, kuma tana cin fentin gilashi. Juya zoben zuƙowa ka ji ko yashi na ƙara a ciki. Daga nan ka ɗauki bangon bulo a miƙe, ka buɗe hoton sosai, ka gwada kusurwoyi huɗu. In ɗaya ta fi sauran dishi-dishi, mai yiwuwa gilashin ya taɓa faɗuwa. Ajiye masa kayansa ka nemi wani.