Awon Ingancin Maniyyi da Motsin Ƙwayoyinsa a Binciken Rashin Haihuwa

1.0 Gabatarwa

A al'adance, idan aure ya daɗe babu ƙaruwa, mace ake fara tuhuma, har a kira ta juya, a yi mata kishiya ko ma a sake ta. Alhali kuwa binciken likitanci ya nuna cewa a wajen rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, namiji yana da nasa kaso a matsalar. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake awon maniyyi, da matsayin motsin ƙwayoyinsa a cikin wannan awo.

2.0 Tushen Binciken

A shekarar 1677 ne Antonie van Leeuwenhoek, mutumin ƙasar Holan, ya ba da rahoton ganin ƙwayoyin maniyyi suna iyo a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin ƙa'idojin awon maniyyi a 1980, ta kuma ci gaba da sabunta shi har zuwa bugu na shida a 2021.

3.0 Yadda Ake Awon

Ana buƙatar mutum ya ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7 kafin ya ba da samfuri. Maniyyi yakan fito da kauri, sa'an nan ya tsinke, galibi cikin minti 30. Wajibi ne a duba shi kafin cikar awa guda, domin sanyi da jinkiri suna rage kuzarin ƙwayoyin. Ana auna yawan ruwan, da adadin ƙwayoyin, da siffarsu, da kuma motsinsu.

4.0 Motsin Ƙwayoyin

Ƙwayar maniyyi tana da kai, da tsakiya inda ake samar da ƙarfi, da wutsiya wadda take kaɗawa ta yi gaba. Dole ne ta ratsa majinar bakin mahaifa, ta haura har bututun da ƙwan mace yake. Saboda haka miliyoyin ƙwayoyin da ba sa tafiya ba su da wani amfani. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mai awo yakan ƙirga aƙalla ƙwayoyi 200, ya maimaita, ya kasa su gida huɗu: masu tafiya gaba da sauri, masu tafiya gaba a hankali, masu motsi a wuri guda, da marasa motsi sam. Idan marasa motsi sun yi yawa, sai a zuba wani rini mai suna iyosin. Matacciyar ƙwaya takan sha rinin, rayayya kuwa ba ta sha.

5.0 Fassara Sakamako

Bisa kundin 2021, ƙananan ma'aunai su ne: ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin ɗari masu motsi, da kashi 30 masu tafiya gaba. An samo waɗannan alƙaluma ne daga mazajen da matansu suka sami ciki cikin shekara guda, don haka wanda ya gaza su ba lallai ne ya zama marar haihuwa ba. Bugu da ƙari, samar da ƙwayar maniyyi yakan ɗauki kimanin kwana 74, shi ya sa zazzaɓi mai zafi kan ɓata sakamako har tsawon makonni, sai a sake awon bayan wata uku. Kumburin jijiyoyin maraina, da ciwon sanyi, da shan taba suna daga cikin abubuwan da ke rage motsi.

6.0 Kammalawa

Awon maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha. Don haka ya kamata a auna miji tun da farko tare da matarsa, kuma kada a yanke hukunci a kan awo guda.