Sansanin Sojan Ruwan Amurka Da Ke Cin Riba Daga Zafin Ƙarƙashin Ƙasa

A hamadar Mohabi ta Jihar Kalifoniya, rundunar sojan ruwan Amurka tana da wani sansanin binciken makamai mai suna China Lake, wanda aka kafa a 1943, kuma faɗinsa ya zarce eka miliyan 1. A nan ne aka ƙirƙiro makami mai linzami na Sidewinder. To amma abin da zai fi jan hankalin ɗan kasuwa yana ƙarƙashin ƙasa ne.

Yankin Coso da ke arewacin sansanin tsohon wurin aman wutar duwatsu ne, kuma har yanzu zafin da ke ƙasa yana dafa ruwan da ya tsiyaya cikin tsagogin dutse. Masanin duwatsu na rundunar, Dokta Carl Austin, ya shafe shekaru yana nusar da hukuma game da wannan arziki. A 1979 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin California Energy, a 1987 kuma tashar farko ta soma aiki. Kamfani ne ya zuba jari, ya haƙa rijiyoyi, ya kafa injunan da tururi ke juyawa su ba da wutar lantarki, ita kuwa rundunar tana karɓar kasonta a matsayin mai fili. Ƙarfin tashoshin ya kai kimanin megawat 270.

Sai dai ba a samun tururi sai da ruwa, ga shi kuwa a hamada ake. Ko da yake ana mayar da ruwan cikin ƙasa, wani kaso yakan salwanta a iska wajen sanyaya injuna. A hankali ƙarfin rijiyoyin ya ragu, wutar da ake sayarwa ita ma ta ragu. A 2009 hukumar gundumar Inyo ta yarda a janyo ruwa ta bututu daga kwarin Rose, duk da adawar masu filaye na kusa, bisa sharaɗin a riƙa auna zurfin ruwan ƙasa, a rage ja idan ya yi ƙasa.

Har ila yau, ƙabilun Paiute da Shoshone suna ɗaukar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Coso wuri mai tsarki, rundunar kuma tana ba su izinin ziyara. Dubban zane-zanen mutanen da a jikin duwatsun yankin suna ƙarƙashin kariyar gwamnati tun 1964.

Tsagogin da ke kawo zafin alama ce ta ƙasa mai motsi. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.1 da ta auku a yankin a watan Yuli na 2019 ta lalata gine-ginen sansanin, gyara ya lashe biliyoyin daloli.