Amfanin Faifan Ɗan Maraya Jos Ga Malamin Makaranta

Akwai wata magana da nakan ji a bakin 'yan'uwana ɗalibai a wannan kwaleji, wai kiɗa da waƙa irin namu na gargajiya ba su da wurin zama a cikin aji. Sukan ce ai makaɗi maroƙi ne, aikinsa ya yabi mai kuɗi a ba shi riga, wanda ya hana shi kuwa ya sha zambo. To, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ina so in ɗauki faifan mutum guda, watau Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, in nuna muku abin da na gani a cikinsa na amfani, musamman ga wanda zai tsaya gaban yara da alli a hannu. Da na ce faifai, nufina waƙoƙinsa da aka ɗauka, waɗanda kakanninmu suka saya a faifan garmaho, iyayenmu suka saya a kaset, mu kuwa yau muna jinsu a rediyo da cikin waya.

Bari mu fara da mutumin kansa, gama wanda bai san asalin abu ba, ba zai san darajarsa ba. An haife shi a Bukuru kusa da Jos a shekarar 1946, sunansa na yanka Adamu. Mahaifinsa makaɗin fada ne wajen Sarkin Hausawan Bukuru. Uban ya rasu yaron yana jinjiri, ba a daɗe ba uwar ta bi shi, sai sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan ne sunan Ɗan Maraya ya bi shi har kabari. Abin da ya kamata mu mutanen Borno mu riƙe shi ne, a nan Maiduguri ya samo kayan sana'arsa. Ya zo garin nan yana yaro, ya ga makaɗa suna kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa, bai kuma rabu da shi ba har ya rasu a Jos ran 20 ga watan Yuni, 2015. Tun yana da rai Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Wanda bai taɓa ganin kuntigi ba, zai yi tsammani wani babban abu ne. Alhali kuwa gwangwanin kifi ne irin mai faɗin nan, a rufe bakinsa da fatar akuya, a zura masa sanda, a ɗaura masa tsirkiya guda ɗaya tak. Garaya da gurmi tsirkiyarsu biyu, goge kuwa sai an goga shi da baka, amma kuntigi hannu ɗaya ke kaɗa tsirkiyar, ɗayan yana danne ta a jikin sandar don muryar ta hau ko ta sauka. Shi ke nan kayan kiɗan Ɗan Maraya, kuma a nan ne amfanin faifan na fari yake.

Ku lura da yadda manyan makaɗanmu suke aiki. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗankwairo, suna da 'yan amshi da masu kotso. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da ƙungiyar masu kalangu da masu karɓa masa. A irin wannan waƙa, in jagora ya gaji ko kalma ta ɓace masa, amshi ya rufa masa asiri har ya dawo. Ɗan Maraya ba shi da wannan gata. Shi ne mai tsara waƙar, shi ne mai rerawa, shi ne mai kiɗa. Tun da ba ganga mai ƙara da za ta ɗauke hankalin mai sauraro, tilas kalmomin su tsaya da ƙafarsu. Saboda haka kowace kalma takan fito sarai, yaro na aji huɗu ma ya iya kama ta. Ban faɗi haka don in rage darajar su Narambaɗa ba, gama a wajen zurfin Hausa da azanci su ne iyayen giji. Amma Hausarsu ta fada ce, cike da tsofaffin kalmomin Gobir da Zamfara, har Bahaushe na asali yakan nemi mai yi masa fashin baƙi. Ɗan Maraya kuwa ya tashi a ƙasar kuza, inda ƙabilu masu yawa suka taru neman abinci, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da bakin rami. Don haka Hausarsa mai sauƙi ce, Birom ya ji, Babarbare ya ji, Babur da Margi su ji. Mu da muka koyi Hausa a makaranta da kasuwa, ba a ɗakin uwa ba, mun fi kowa sanin daɗin wannan.

Amfani na biyu shi ne wanda ya fi girma a ganina. Tun zamanin da, waƙar yabo ta sarakuna ce da attajirai da jarumai. Talaka aikinsa ya tsaya a gefe ya saurara. Sai ga wannan maraya, waƙar da ta fara fito da shi, watau Waƙar Karen Mota, ya yi ta ne don yaran mota. Ku duba sunan ma da jama'a suka laƙaba wa mai wannan aiki. Shi ke ɗaura kaya a kan mota, shi ke zuba ruwa a lagireto, in taya ta fashe cikin daji shi zai kwanta a ƙasa ya canja ta, in mota ta kafe a yashi ko taɓo shi zai sauka ya tura, direba yana zaune a gaba. Bayan duk wannan wahala a kira shi kare. Ɗan Maraya ya ɗauki irin kirarin da akan yi wa masu rawani ya ba wannan yaro, ya nuna cewa aikinsa aikin mazaje ne, kuma ta wannan hanya ake zama direba. Bai ɓoye sunan rainin ba, ya sa shi a kan waƙar, har ya zama mai sunan ba ya jin kunyar amsa shi.

Na ga aikin wannan waƙa da idona sa'ad da aka tura ni koyarwar gwaji a wata makarantar firamare a unguwarmu ta Shehuri, ba nisa da fadar Shehun Borno. Yawancin yaran ajin Kanuri suke yi a gida, waɗansu Larabcin Shuwa, Hausa kuwa sai a titi. A darasin sana'o'i na tambaye su aikin da kowa yake so in ya girma. Duka suka ce likita, ko soja, ko gwamna. Na sa musu waƙar, sa'an nan na ce kowa ya faɗi sana'ar mutanen gidansu. Wani yaro da ba ya yawan magana ya miƙe ya ce wansa yaron mota ne a Tashar Baga, ya kuwa kwashe mana labarin aikin daga ɗaurin kaya har zuwa canjin taya, da Hausa mai kyau, ba wanda ya yi masa dariya. Daga nan sai 'ya'yan masu ɗinkin hula da masu sayar da busasshen kifi suka shiga ɗaga hannu. Littafin tsarin koyarwa yana gaya mana a fara daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba. To, yaro ba zai kawo abin da ya sani cikin aji ba muddin yana jin kunyarsa.

Amfani na uku ya shafi zaman gida. Waƙoƙi uku nake so ku nema ku saurara a jere. A cikin Jawabin Aure ya jera irin ɓarnar da sakin aure ke jawowa, ya gargaɗi miji da mata su nemi sulhu kafin su kai ga rabuwa. A cikin Gulma Wuya ya zana mana hoton magulmaciyar unguwa, mai shiga gida gida, tana haɗa baki da boka don ta raba mace da mijinta. A cikin Auren Dole kuwa ya fito fili ya soki al'adar ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so. Ku tuna da wanda ke wannan magana. Namiji ne, ɗan fada, wanda abincinsa ke fitowa daga hannun magidanta, su ne kuwa masu yin abin da yake suka. Maroƙin da cikinsa kaɗai ya sani ba zai taɓa wannan zance ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro, mace ko namiji, ya sami karatun shekara tara kyauta kuma tilas. Amma duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji ya san yadda sunayen 'yan mata sukan ragu daga aji biyar zuwa sama, kuma ya san ɗaya daga cikin dalilan. Malami sabon fitowa, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, in ya je ya ce zai yi wa dattijo wa'azi a kan 'yarsa, za a ce masa yaro man kaza. Amma dattijon nan ya san muryar Ɗan Maraya tun yana saurayi, ya yarda da ita. In aka sa waƙar a taron iyaye da malamai, an buɗe ƙofar zancen ke nan ba tare da an ci fuskar kowa ba. Hausawa sun ce hannunka mai sanda, kuma waƙa ta fi lacca iya shi.

Kada in cika ku da yabo kaɗai, akwai abubuwan da malami zai yi hattara da su. Ɗan Maraya ma ya yi waƙoƙin yabon manya da masu hannu da shuni kamar sauran makaɗa, gama sana'a ce, da ita yake ci. Waɗannan ba su ne za mu kai aji ba. Haka nan a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi don ƙarfafa musu zuciya, ya kuma kwatanta abubuwan da suka faru a fagen daga. Suna da amfani ga mai nazarin tarihi, amma muryar ɓangare ɗaya ce. A ajin da ya haɗa 'ya'yan kowace kusurwa ta Nijeriya, sai malami ya yi bayani tukuna, ko ya bar su ga manyan azuzuwa. Waƙoƙin aure ma ba na 'yan aji ɗaya da biyu ba ne. Abu na ƙarshe, akwai iyayen da ba sa son kiɗa ko kaɗan saboda fahimtarsu ta addini, kuma hakkinsu ne a girmama su. Don haka a shawarci hedimasta kafin a shiga da faifai cikin aji. Inda aka ga za a sami saɓani, malami ya iya ba da labarin abin da waƙar ta ƙunsa da bakinsa, darasin bai ɓace ba.

Ga yadda na ga ya fi kyau a bi. Da fari malami ya saurari waƙar shi kaɗai sau biyu ko uku, ya fitar da kalmomi biyar ko shida da yake tsammani za su ba yara wuya, ya rubuta su a allo. Sa'an nan ya sa waƙar sau ɗaya ba tare da katsewa ba, ya bar yara su ji daɗinta. A karo na biyu ya riƙa tsayar da ita yana tambaya: wa ake magana a kansa, me ya same shi, me mawaƙin yake so mu yi? Bayan haka kowane yaro ya rubuta jimla biyar da kalmominsa na kansa. Manyan yara a raba su gida biyu su yi muhawara, misali ko akwai sana'ar da ta fi wata daraja. A darasin aikin hannu kuwa, a sa su kawo gwangwani da sanda da guntun fata da zare mai ƙarfi, kowane rukuni ya haɗa kuntiginsa. A nan za su gane da kansu cewa in an gajarta tsirkiya ko an ƙara ɗaure ta murya takan hau, in an sassauta ta sauka. Kun ga darasin kimiyya ya shigo ke nan ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Wanda har yanzu yake ganin waƙar baka ba ilmi ba ce, sai ya dubi abin da masana suke yi. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa yana nazarin waƙoƙinsu, ɗalibai kuma suna samun digiri a kan wannan fanni. A ƙasashen waje ma haka abin yake. A shekarar 2016 an ba Bob Dylan na Amurka, mutumin da ya fara suna da jita da waƙoƙin da ya tsara da kansa, kyautar Nobel ta adabi, wadda aka saba ba marubuta littattafai. In Turawa sun ga mawaƙinsu ya isa ya zauna a sahun marubuta, me zai hana mu ba namu kujera a darasin Hausa?

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu ƙauyuka da unguwanni, inda wata makarantar littafi ɗaya yara biyar ke dubawa, wata ma babu. Kayan aiki za su yi mana ƙaranci, wannan ba shakka. Amma mutumin da muka yi zancensa ya tashi ba uwa ba uba, da gwangwanin da aka yar da tsirkiya ɗaya, ya koyar da jama'a fiye da shekara hamsin. Ina roƙon kowannenku ya nemi waƙoƙin nan huɗu ya saurara da kunnen malami kafin hutu ya ƙare, wanda ya gwada su a aji kuma ya rubuto wa Edita abin da ya gani, ko ya dace da nawa ko ya saɓa, don mu ƙaru da juna.

Haza wasalamu.