Ko Ƙarfin Jari Zai Iya Kada Google?

Injin bincike manhaja ce mai bin shafukan intanet tana tattarawa, tana jera su bisa dacewarsu da tambayar mai nema. Google, wanda aka kafa a 1998, shi ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na binciken duniya.

Shin wani babban kamfani zai iya ja da shi? Microsoft ya jarraba. Ya fito da Bing a 2009, ya zuba dukiya, amma har yau bai kai kashi 10 ba.

Kasuwar dabbobi ta Maigatari ta isa misali. Masu saye na zuwa domin masu sayarwa, su kuma domin masu saye. Attajiri na iya gina rumfuna a Gagarawa, amma cikar kasuwa ba ta sayuwa. Haka lamarin injin bincike: kowace tambaya da ɗalibi a Gumel ya rubuta, da shafin da ya zaɓa, darasi ne ga injin. Wanda ya fi jama'a shi ke ƙara ƙwarewa.

Sannan akwai tare hanya. A 2022 Google ya biya Apple kimanin dala biliyan 20 domin injinsa ya zama na farko a na'urorin Apple. A 2024 wata kotun Amurka ta yanke hukunci cewa ya yi babakere ba bisa doka ba.