Daidaita Amfilifaya da Sifika: Hanyar Kare Jarin Masu Hayar Lasifika

MINNA — A unguwar Barkin Sale da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, kamar sauran unguwannin garin, hayar lasifika sana'a ce da wasu magidanta ke ciyar da iyalansu da ita. Bikin aure da na suna, wa'azi da saukar karatu, har da taron siyasa, duk sai da kayan sauti suke armashi. Sai dai akasarin kayan daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma tun watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta tsayar da darajar naira, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Sifika ɗaya in ta ƙone a dare guda, tana iya lashe ribar makonni.

Sau da yawa wannan hasara kan samo asali ne daga rashin daidaita ƙarfin amfilifaya da na sifika. Abin dubawa na farko shi ne wat. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, mai alamar PMPO, ta talla ce kurum. Wadda ake lissafi da ita ita ce RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya jurewa tsawon lokaci. Ƙa'idar da masu aikin sauti suka saba bi ita ce ƙarfin amfilifaya ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na ƙarfin sifika. Ke nan sifika mai wat 500 tana bukatar amfilifaya mai wat 750 zuwa 1,000, bisa sharaɗin ba za a ƙure ta ba.

Jama'a da dama na zaton ƙaramar amfilifaya ba ta ƙona sifika, alhali ba haka abin yake ba. Idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai sautin ya dagule, jar fitilar gargaɗi ta riƙa ƙyaftawa, naɗin wayar da ke cikin sifika ya ɗauki zafi. Tiwita, wato ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti, ita ke fara mutuwa.

Abu na biyu shi ne om, ma'aunin juriyar sifika ga lantarki. Idan aka jona sifika biyu masu om 8 a mafita ɗaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, juriyar za ta sauka zuwa om 4. In huɗu ne, ta koma om 2. Amfilifayar da aka rubuta om 4 a bayanta, in aka ɗora mata om 2, za ta yi zafi ta kashe kanta, ko ta ƙone ɗungurungum.

Ita kuwa wufa, babbar sifikar nan mai fitar da amon ƙasa, ta fi kowace cin ƙarfi. Shi ya sa ake ware mata amfilifayarta, a sanya kurosoba, na'urar da ke tace sauti, don kada abin da ya haura wajen haz 100 ya isa gare ta.

Wutar da ake aiki da ita ma tana da nata hannu. Ma'aunin lantarkin Nijeriya bolt 230 ne. Idan ƙaramin janareto ya gaza bayar da shi, sautin kan dagule tun kafin amfilifaya ta kai iyakarta. Ƙa'ida kuma ita ce amfilifaya ta zama ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa.

Ga mai hayar da masu biki ke matsa wa ya ƙara murya, lissafin a bayyane yake: ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji sautin ya ninka. Abin da za a samu wajen murɗawa ta ƙarshe bai kai kuɗin sake naɗin wufa ɗaya ba.