Kwalara a Kudancin Garin Kaduna: Muhimmancin Kai Rahoto da Wuri

'Yan'uwa, da wuya a sami ƙauye a cikinmu da ba shi da ɗa ko 'ya a Kakuri, Sabon Tasha, Narayi, Television ko Unguwar Romi. Wasu suna aiki, wasu makaranta, wasu kuwa kasuwa ke kai su. Saboda haka in kwalara, wato cutar amai da gudawa, ta ɓulla a can, ba ta da nisa da mu. Tana bin ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. A unguwannin da rijiya ke kusa da shadda, ruwan damina kan haɗa su biyun.

Yaya hukuma take sanin cutar ta shigo? Akwai tsarin sa ido kan cututtuka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo wa ƙasashen Afirka a 1998, Nijeriya kuma ta karɓe shi a 2001. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Unguwannin da muka ambata suna ƙarƙashin Kaduna ta Kudu da Chikun. In ma'aikacin asibiti ya ga mai gudawa tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, ruwan jikinsa kuma ya ƙare, wajibi ne ya sanar da wannan jami'i nan take. Shi kuma ya sanar da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, daga nan labari ya kai ga hukumar NCDC a Abuja. Sai a gwada bayan gidan marar lafiya, a rubuta unguwar da ya fito, a nemi ruwan da ya sha. In an ga mutane da yawa sun sha daga rijiya ɗaya, sai a zuba mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ko a rufe ta.

To, tsarin yana aiki kuwa? Yana aiki, amma ba ya ganin kome sai abin da aka kai masa. Da yawa daga cikinmu kemis muke fara zuwa, ko mu jiƙa magani a gida. Wani kuma ana ɗauko shi daga gari a kawo shi ƙauye jinya. In ya rasu a gida, ba wanda zai rubuta, rijiyar da ta sa masa cutar kuma tana nan ana sha.

Jinkiri yana cin rai. In an yi jinya da wuri, ba ya kai mutum ɗaya cikin ɗari da kwalara ke kashewa. Amma a 2021, cikin mutum fiye da 111,000 da aka yi zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,600 sun mutu, wato kusan uku cikin ɗari. Jihar Kaduna tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Ga abin da za mu yi:

1. Da ganin irin wannan gudawa, a fara ba da ruwan gishiri da sukari. In babu na leda, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce.

2. A kai marar lafiya asibiti mafi kusa, kada a yi doguwar tafiya da shi.

3. A faɗi gaskiyar inda ya kwana da ruwan da ya sha cikin kwana biyar da suka wuce.

4. In ya rasu, a sanar da ma'aikatan lafiya kafin a taɓa gawa, a kuma bi shawararsu wajen jana'iza.

Dattawa da shugabannin mata, ku ne idon ma'aikatan lafiya a ƙauye. Kwalara ba abin kunya ba ce, kada a ɓoye ta. Rahoton gida ɗaya yana iya ceton unguwa duka.